Abin da masu gudu suka ce kan atisaye da ciwo a ƙafa

Bayan gudun safiyar Asabar, wani ɗan'uwa da ke shirin gudun fanfalaki na Legas, mai kilomita 42 da 'yan mitoci, ya koka cewa ƙaurinsa na zogi. Nan hira ta ɓalle.

Kusan kowa ya ɗora laifin a kan gaggawa. Numfashi yana saurin sabawa da gudu, amma ƙashi da jijiya sai a hankali, shi ya sa tsofaffin hannu suka ce kada ƙarin tazara ya wuce kashi 10 cikin 100 a mako. In ciwo ya taso, a rage gudu a koma keke ko iyo. A riƙa bin hanyar burji maimakon kwalta, a kuma sauya takalmin da ƙasansa ya cinye.

Inda aka fi daɗewa shi ne bambance gajiya da rauni. Tsamin jiki yakan lafa in jiki ya yi ɗumi. Amma zafin da ya tsaya wuri ɗaya a kan ƙashi, yana ƙaruwa da kowane taku, ko ya sa ɗingishi, yana iya zama tsagewar ƙashi. Wannan na asibiti ne.

An yi saɓani kan shan ibuprofen kafin dogon gudu. Ni ina bayan masu hanawa: yana rufe ciwon ne kawai, kuma ga wanda ya zubar da gumi sosai yana iya taɓa ƙoda. Ɗan'uwan ya amince zai huta mako biyu tukuna.