Shawarwari kan agajin abinci lokacin yaƙi da fari

Da aka zauna tattauna yadda agajin abinci zai fi amfani, maganar jinkiri ce ta fi cin lokaci. Kafin a ayyana yunwa a hukumance, sai kashi 30 cikin 100 na ƙananan yara sun rame sosai, mutum biyu cikin kowane 10,000 suna mutuwa kullum. Wato kafin a yi shela, an riga an fara haƙa kaburbura. A yunwar Somaliya ta 2011 kusan mutum 260,000 suka rasu, wajen rabinsu tun kafin sanarwar. Shawarar ita ce masu ba da tallafi su saki kuɗi da zarar hasashen ruwan sama ya nuna matsala.

An ja zance kan kuɗi ko buhu. Inda kasuwa ke ci, a ba mutane kuɗi ko katin saye, kamar yadda Hukumar Samar da Abinci ta Duniya ke yi a wurare da dama. In aka jibge hatsin waje kyauta, farashi zai karye, manomin yankin ya tashi a tutar babu. Inda yaƙi ya toshe hanya kuwa, kuɗi ba ya cika ciki. Ni ma nan na tsaya.

Wata ma'aikaciyar jinya ta kawo zancen igiyar awon damtse. Ana zagaya ta a hannun yaro. In ta nuna ja, ƙasa da santimita 11.5, a fara ba shi abincin magani nan take. Ta ce uwaye ma suna iya koyon awon.

Sauran an taɓa su a gurguje: katin rabo ya kasance da sunan mata, a kuma haɗa abinci da ruwa mai tsabta, domin gudawa na kwashe duk abin da yaro ya ci.