Japan a finafinan 'yan sandan Amurka: shawarwarin masu kallo

Kan yadda ya kamata a fahimci Japan ɗin da ake nunawa a waɗannan finafinai, shawarar da ta fi yawa ita ce a fara duba shekarar da fim ya fito. Misali, fim ɗin Black Rain, wanda yawancin labarinsa a birnin Osaka na Japan ne, ya fito a 1989, shekarar da kamfanin Sony na Japan ya sayi kamfanin finafinan Amurka Columbia Pictures, lokacin Amurkawa na fargabar kuɗin Japan zai cinye musu kasuwa. Wannan tsoron ne ya hau allo.

Wani ya ce kada a ɗauka duk ɗan Osaka ɗan Yakuza ne, wato ƙungiyoyin 'yan daban Japan. Zanen jiki da gutsire ƙaramin yatsa don neman afuwar ubangida gaskiya ne, amma ruwan harsasai a titi ƙarin gishiri ne, don dokar bindiga a Japan ba wasa.

Ni dai na fi gamsuwa da mai cewa a haɗa da finafinan da Japanawa suka shirya da kansu.