Tsofaffin ƙauyenmu: wa zai riƙa duba su, kuma da wane kuɗi?

Unguwarzoma, kudancin Gadarif:

Assalamu alaikum jama'a. Wani abu ne ya hana ni barci, na ce bari in kawo shi nan ko Allah zai sa a samu mai dabara.

Ni unguwarzoma ce a wani ƙauyen Hausawa kudu da Gadarif a ƙasar Sudan, shekarata 19 ina wannan aiki. Tun da ni ce ke shiga kowane gida ba a tambaye ni abin da ya kawo ni, ina ganin abin da maza ba sa gani. Makon jiya na je duba wata mai jego, sai na ji nishi daga wata rakuba, wato rumfar kara, a bayan gida, an sa mata sakata ta waje. Ina buɗewa sai ga Inna, kakar maigidan, kwance kan angarib, gadon igiya, ko shimfiɗa babu. Matar nan ita ta riƙe mini fitila ranar da na karɓi haihuwata ta farko. Bayanta ya fara yin gyambo saboda kwanciya gefe guda, asidar jiya, wato tuwo, na gefenta ƙuda sun rufe, maganin hawan jininta kuwa ya ƙare tun ƙaramar salla.

Abin da ya fi ƙona mini rai, ba babu ce ta kawo haka ba. Ɗanta yana Jidda, duk wata yana turo kuɗi ta Bankak, manhajar banki ta waya, amma a wayar jikan suke sauka, ita ba waya ba karatu. Gonar da ta gada, fadan biyar, wato wajen eka biyar, an ba da haya an noma riɗi, ko jine ɗaya, kuɗin Sudan, bai shiga hannunta ba.

Na zauna na ƙirga, tsofaffi shida na sani a garinmu da ke cikin irin wannan hali, wasu yunwa, wasu tsawa da zagi, ɗaya har duka. Tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023, musamman bayan 'yan gudun hijira daga birnin Madani sun kwararo a Disambar shekarar, gidaje sun cika, ɗakin tsohuwa shi ake fara karɓewa. Da damina kuma lakar nan tamu takan rufe hanyar Gadarif, ba mai zuwa ba mai fita.

Ina so mu haɗa mata kaɗan mu riƙa zagayawa. Amma sabulu, magani, ledar shimfiɗa da kuɗin mota, daga ina? Kuma ta yaya zan shiga maganar ba a ce na tona asirin gidan mutane ba?

Direba a Jidda:

Wa alaikumus salam Yaya. Wallahi da na karanta sai da jikina ya yi sanyi, domin ni ma haka nake turawa mahaifiyata, ta wayar ɗan ƙanwata, kuma ban taɓa tambayar ko yana isa gare ta ba sai bara da wani ya zo Umra ya tsegunta mini.

A nan Saudiyya akwai dokar haƙƙin tsofaffi da aka fitar a 2022, wanda ya ci dukiyar tsoho ko ya wulaƙanta shi yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara ɗaya da tarar da ta kai riyal dubu 500, akwai kuma lamba 1919 ta kai ƙarar cin zarafi a cikin gida. Amma ko da an kafa irin wannan a wajenku, tsohuwar da ke bayan sakata da wace waya za ta kira? Ƙafarki ita ce lambar.

Abin da na yi: na raba kuɗin uku. Kashi ɗaya kai tsaye ga mai kanti, yana aika mata sukari, shayi, mai da sabulu. Kashi ɗaya ga mai sayar da magani. Na ukun ne kawai ke bi ta wayar yaron. Duk Juma'a kuma sai an kai mata waya na ji muryarta. Ki nemi lambar ɗan nan ki gaya masa, ina da yaƙinin bai sani ba. Batun asusu kuma, mu 'yan garuruwan nan da ke Jidda da Makka muna da yawa. In kowa zai ajiye riyal 10 a wata, sabulu da leda ba za su gagara ba, muddin akwai littafin da za a riƙa nuna mana.

Malamin allo, Maiwurno:

Allah ya saka miki da alheri, 'yata. Amma ban goyi bayan a fara da kiran Jidda ba. In ɗan ya kira cikin fushi, jikan zai gane daga inda maganar ta fito, a rufe miki ƙofa, tsohuwar kuma ita za ta sha haushin. Ki fara da liman da shehun gari, su je a matsayin gaisuwa, su ga abin da idonsu. Maganar gona kuwa ta umda ce, wato hakimi, a sa hayar ta riƙa shiga hannunta gaban shaidu biyu.

Game da kuɗi, ku ƙasar noma ce. Zakkar amfanin gona ɗaya cikin goma ce a noman ruwan sama, ɗaya cikin ashirin a noman ban ruwa, in ya kai wusƙi biyar, wajen kilo 653. Diwanin Zakka, wato hukumar zakka ta gwamnati, yana da kwamitoci a unguwanni da ƙauyuka, ku rubuta sunayen tsofaffin da ba su da mai ɗaukar nauyinsu ku kai. Sai dai a bambance: wadda ɗanta ke da hali, ciyar da ita wajibi ne a kansa, maganin matsalarta a gyara hanyar da kuɗin ke bi. Zakka ta waɗanda ba su da kowa ce.

Wani abu da na lura da shi a takiyyu, wato wuraren da ake dafa abincin sadaka tun fara yaƙi: mai ƙafa ne ke zuwa layi da kwano. Mu nan sai muka sa almajirai manya biyu suna kai wa tsofaffi nasu har ɗaki, su tsaya sai an ci. Yaron da ke kai kwano kullum shi zai fara sanin ranar da aka kulle ƙofa. Zan kuma roƙi limaminku ya yi huɗuba kan aya ta 23 a Suratul Isra'i, wadda ta hana ko cewa "uf" ga iyaye, ba tare da ya nuna gidan kowa ba.

Uwar biyar, Damazin:

Malam, Yaya, ku yi haƙuri zan faɗi abin da ban taɓa faɗa wa kowa ba. Ni ma na taɓa sa wa uwar mijina sakata.

Bayan rikicin ƙabilanci na 2022 da ya raba mu da gidanmu, gigin tsufa ya kama ta sosai. Cikin dare sai ta tashi ta ce za ta koma gida, sau biyu ana tsinto ta kusa da kogi. Mijina yana wajen haƙar zinariya, ni kaɗai da yara biyar, ga ɗibar ruwa, ga itace, ga wankin shimfiɗarta sau uku a rana. Wata rana na daka mata tsawa har ta ɓoye fuska kamar yarinya. Ta rasu bara, kuma har yau in na tuna fuskar nan sai na yi kuka.

Ba ina wanke jikan da ke cin kuɗin kakarsa ba ne, wannan zalunci ne tsantsa. Amma Yaya, ki dubi mai jegon gidan. Wataƙila ita aka bar wa jariri da tsohuwa gaba ɗaya. Da a lokacin an samu mace ɗaya da za ta zauna da Goggo na awa uku, sau biyu a mako, in je in yi barci, da ban kai ga abin da na kai ba. In kun tara kuɗin nan, ku ware wani abu na ladan mai zama da tsoho. Ku yi shi kamar nafir, wato aikin gayya, yau gidan wannan gobe gidan wancan. In kuka shiga da sunan taimako za a buɗe muku, har a gaya muku abin da ba ku tambaya ba.

Ma'aikacin lafiya, Kasala:

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin shida na masu shekara 60 zuwa sama yana fuskantar wani nau'in cin zarafi a cikin shekara, kuma kaɗan ne ake kai ƙararsu. Don haka shidan da kika ƙirga, ki sa ran sun fi haka. Ki buɗe littafi: shekaru, ciwo, magani, ranar ziyara, amma ki sa lamba maimakon suna. Ƙungiyoyin agaji abin da ke rubuce suke iya nema wa kuɗi, kuma fom ɗinsu yawanci yara da masu ciki yake tambaya. Ranar 15 ga Yuni ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware don wannan batu, ki kai musu littafin kafin lokacin. Gyambon kuma kada ya jira kwamiti: a riƙa juya ta duk bayan awa biyu, a wanke da ruwan gishiri mai tsabta, wurin ya zauna a bushe. In ya fara wari ko zazzaɓi ya shigo, asibiti kawai.

Unguwarzoma, kudancin Gadarif:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. 'Yar'uwata ta Damazin, kin yi gaskiya. Na koma jiya da sunan wankan jego, na zauna da yarinyar, sai ta fashe da kuka, ta ce ita ke sa sakatar don Inna ta taɓa faɗawa murhu. Mun wanke Inna tare, mun dawo da ita ɗakin cikin gida. Liman zai je ranar Alhamis, shi kuma zai kira Jidda da bakinsa. Mata huɗu sun yarda da zagayen, mun fara da sanduƙ, wato asusu, na mako-mako. Malam na Kasala, ledar shimfiɗa ta yi tsada a kasuwarmu, buhun sukari da aka wanke aka ɗora masa zane zai iya tsayawa a madadinta kafin mu samu?