"Zumunta a ƙafa take": ƙafar wa, kuma har ina?

Autar Inna, Tudun Wada:
Assalamu alaikum. Jiya Inna ta cika kwana arba'in da rasuwa. Muna kwashe kayanta sai muka tarar da silifas ƙafa shida a ƙarƙashin gado, duk dunduniyar ta cinye, biyu ma an ɗinke su da zaren buhu. Yayarmu ta ɗaga ɗaya ta ce, "To ga zumuntar nan." Muka fashe da dariya, dariyar ta koma kuka.

Maganarta ke nan kullum, zumunta a ƙafa take. Mahaifinta Bazazzagi ne, aikin reluwe ya kawo shi Kaduna, a nan aka haife ta, a nan aka aurar da ita ga Baba yana aikin masaƙa a Kakuri. Ba ta yi boko ba. Islamiyyar matan aure ta shiga da girmanta, ba ta sauke ba sai da ta yi jikoki. Amma ka ambaci sunan mutum a danginmu, za ta ja maka shi har kaka na biyar: wa ta haife shi, ɗakin wa, wa ta riƙe shi bayan yaye, sunan wa ya ci. Suna ɗaya ne ba ya fita bakinta, na ɗanta na fari. Har ta koma ga Allah "wancan yaron" take ce masa, shi kuwa har furfura ta cika masa gemu.

To wancan yaron ne yanzu yake cewa karin maganar ta tsufa, tunda ya buɗe mana zauren dangi a WhatsApp, kowa na gaida kowa da asuba. Ni ban yarda ba, amma na kasa kayar da shi. Ku raba mu.

Ɗan Kakuri:
Allah Ya jiƙan Inna, Ya kyautata namu zuwan. Ni ina bayan yayanki, ƙanwata. Wanda ya yi maganar nan ba shi da waya, ba shi da mota, in bai taka ba ba shi da wata hanya. Da yau ya zo, cewa zai yi zumunta a kati take. Ki lissafa kuɗin mota daga tashar Kawo zuwa Zariya da dawowa, ga tsaraba, ga abin da za ki damƙa wa tsofaffi. Albashin wa zai ɗauki wannan kowane mako?

Malamar Hausa, Unguwar Rimi:
Allah Ya sa ta huta. Ɗan Kakuri, ka ɗauki ƙafar a zahirinta, karin magana kuwa ba haka ake warware ta ba. In Bahaushe ya ce "ya ɗauke ƙafa daga gidanmu", ai ba ya nufin da can a ƙasa yake zuwa yanzu ya sayi babur. Ƙafa a nan zuwa ce da kai, da wahalar da ke cikinta. Shi ya sa take da 'yar'uwa, zuwa da kai ya fi saƙo. Kuma saƙo ba da waya ya fara ba. Da can ana aika yaro da goro, ana ba direba wasiƙa, ana aika gaisuwa ta gidan rediyon Kaduna a karanto sunanka duk Arewa ta ji. Masu maganar sun san saƙo sarai, suka ce bai kai ba.

Ɗan Kakuri:
Na ji, Malama. Amma su ɗin dai ne suka ce, ido wa ka raina, ya ce wanda nake gani yau da gobe. Su ne kuma suka ce dangi rigar ƙaya. Lokacin da aka rufe masaƙa a 2002 babanmu ya zauna ba aiki, ƙafafun da ke cika mana zaure ran albashi duk suka ɗauke. Ni na ga zumuntar ƙafa, na ga inda ta tsaya.

Maman 'Yan Biyu, Malali:
Ka ƙarasa ta mana: ka sa ta soke ka, ka cire ka ji kunya. Ba a ce ka cire ka huta ba.

Ni abin da ke ci min rai daban ne. Ƙafar wa ake nufi? Barka mu, suna mu, dubiya mu, zaman makoki mu, bikon 'yar ƙanen miji ma mu. Maigida ya miƙo kuɗin Keke ya ce "ki gaishe su." Ranar da tsohuwar gida ta faɗi sai ka ga maza manya suna tambayar juna, "Wai wancan da ya yi ta kuka a maƙabarta, ya muke da shi?"

Autar Inna:
Wallahi Maman 'Yan Biyu kamar kina gidanmu ranar uku. Wani dattijo ya zo daga Funtuwa, ya zauna a tabarma yana ta share hawaye, ba wanda ya gane shi. Ashe taubashin Inna ne, ɗan goggonta. Wai duk ƙaramar Sallah sai ta je masa da atamfar matarsa da ƙullin daddawa, ta zauna ta tsokane shi ta karɓi kuɗin shara. Mu muna ɗauka asibiti take zuwa.

Bari in ba ku wanda ya fi tsaya min. Wani ɗan yayar Baba ya nemi wata yarinya a Unguwar Sanusi, har an kai kuɗin gaisuwa. Inna na jin sunan uwar yarinyar sai ta ajiye carbi ta ce a dakata. Ta ce a rikicin watan Fabrairun 2000, da mutane suka tsallako daga Kakuri da Makera, gida uku ne suka cunkushe a gidanmu kusan mako biyu. Uwar yarinyar na kwance da zazzaɓi, jaririya na ta tsala ihu cikin dare, sai uwar yaron nan, da ke goyon ƙanensa, ta ɗauke ta ta ba ta nono. Inna ce ta riƙe fitila. Aka je aka tambayi matar, ta yi shiru can, ta dafe kai ta ce ƙwarai an yi haka, ita har ga Allah ta manta. Aka mayar da kuɗi. Yaron ya yi shekara ba ya gaida Inna. Ita kuwa ba ta fasa zuwa gidansu ba.

Almajirin Zaure, Rigasa:
Allahu Akbar. Wannan aiki ne na malamai ta yi. Aya ta 23 a Suratun Nisa'i ta lissafa uwayen da suka shayar da ku da 'yan'uwanku mata na shayarwa cikin waɗanda aka haramta aure. A mazhabar Malikiyya ko sau ɗaya nono ya kai cikin jariri a shekarun shayarwa ya haramta, Shafi'iyya ne suke cewa sai sau biyar. Akwai kuma hadisin Abu Huraira a Tirmizi da ya yi umarni a koyi nasaba gwargwadon abin da za a sada zumunci da shi. Ku lura, ba don alfahari aka ce a koya ba. Da yawanmu mun haddace mu jikokin wane ne in mai rawani ne, ƙanwar kakarmu da ke sayar da ƙosai a Hayin Banki kuwa ba mu san ƙofarta ba.

Malamar Hausa:
Abin da nake son Ɗan Kakuri ya gani ke nan. Wannan labarin fitilar a wane zaure za a tura shi? Inna ba haddar sunaye ta yi ba, wurin take lokacin da abin ya faru. Gani ya kori ji. Kuma a Kaduna abin ya fi tsanani, don garin ba shi da ganuwa balle tsofaffin zaurukan da za ka je ka tambayi asali. Turawa ne suka taso da hedikwata daga Zungeru suka dasa ta a nan, reluwe da bariki da masaƙu suka tara mutane. Ka tono kowa sai ka ji Zariya, Katsina, Bida, Borno. In tsohuwar da ke riƙe da zaren ta tafi ba a karɓa ba, jikoki sai su ce su 'yan Kaduna ne kawai, shi ke nan.

Ɗan Kakuri:
Na sauko rabi. Ta'aziyya da dubiya na yarda sai an taka. Amma wanda ke Legas ko Saudiyya, ya kira uwarsa kullum ya aika mata na cefane, kar a ce masa ya yanke zumunta don karin magana ta ce ƙafa.

Maman 'Yan Biyu:
Ba wanda ya ce ya yanke. Amma ran da ya sauka a tashar jirgin Rigasa, muna kallon gidan da zai fara shiga.

Autar Inna:
Na gode muku. Da azumin bara, bayan an sha ruwa, na riƙa zaunar da ita ina rubutawa a littafin makaranta mai shafi tamanin. Sai ta faɗi suna biyu ta tsaya ta ce, "Wannan kin san gidanta? Bayan Ƙofar Doka, mai bishiyar durumi." In na ce a'a sai ta ce to me amfanin rubutun. Mun cika shafi talatin da ɗaya, ɓangaren mahaifinta kaɗai. Na mahaifiyarta ta ce sai bayan Sallah.

Kawunku na Badarawa:
Auta, ashe nan kika kawo ƙarar yayanki. Ɗiyata ce ta nuna min. Na ga hoton shafin da kika tura wa dangi, akwai gyara: matar kakanmu ta biyu ba Bakatsiniya ba ce, a Katsina aka riƙe ta dai. Ɓangaren tsohuwarmu kuma ni ma na san rabi, sauran yana wurin goggonku ta Zariya, ita kuwa kunnenta ya yi nauyi, ba ta jin waya. Asabar bayan azahar ina gida. Ki zo da littafin, ki taho da wancan yaron, shi zai tuƙa mu.