Neman shawara: ofset da zurfin bayan rim, wanne zan duba kafin in saya?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum. Masana harkar mota, a taimaka min da haske. Hilux gare ni, tana kan rim ɗinta na kamfani, 17x7.5, an buga ET30 a bayansa, taya kuma 265/65R17. Ina so in koma 285/70R17, an nuna min rim iri biyu. Na farko 17x9, ofset -12. Na biyu 17x8.5, shi ba a rubuta ofset ba, sai bakspesin inci 4.75. Mai sayarwa ya ce duk biyun za su zauna tunda huji shida ne. Mene ne bambancin lambobin nan, kuma wanne ne taya ba za ta riƙa gogar jiki ba? Motar ba a ɗaga ta ba.

Injiniya:
Wa alaikumus salam. Lambobin biyu wuri ɗaya suke nuna maka, wato inda fuskar da ke manne wa hob (ƙarfen ƙafar mota da ake ɗaure rim a kai) take a jikin rim. Inda ake fara awon ne ya bambanta.

Ofset daga tsakiyar faɗin rim ake auna shi, da milimita. In fuskar noti ta faɗo daidai tsakiya, ofset sifili ne. In ta matso ta wajen titi, lambar tana da +, rim ya shige cikin mota ke nan. In ta koma ciki, lambar tana da -, rim ya fito waje. ET ɗin da ka gani gajarta wata kalmar Jamusanci ce, ofset ɗin take nufi, don haka naka +30 ne.

Bakspesin kuwa, ko mu ce zurfin baya, daga leɓen rim na ciki ake auna shi zuwa wannan fuskar, da inci. Duk yadda lambar ta ƙaru, haka rim ke ƙara shigewa ciki.

Ga inda mutane ke tuntuɓe. Faɗin da ake rubutawa, 9 ko 8.5, tsakanin inda bakin taya ke zama ne, ba daga leɓe zuwa leɓe ba. Kowane leɓe yana cin kusan rabin inci. Saboda haka sai ka ƙara 1 a kan faɗin, ka raba biyu, sannan ka raba ofset da 25.4 don ya koma inci, ka haɗa da abin da ya fito.

Naka na kamfani: 8.5 a raba biyu 4.25, a ƙara 1.18, ya zama 5.43.
Na farko: 10 a raba biyu 5, a cire 0.47, ya zama 4.53.
Na biyu: 9.5 a raba biyu 4.75 daidai, ka ga ofset ɗinsa sifili ne ko ba a rubuta ba.

Da na farko leɓen waje zai fito da milimita 61 fiye da yadda yake yanzu, na ciki ya ja da baya da 23. Da na biyu, waje 43, ciki 17. Amma ka lura, taya tsakiyar rim take bi, kuma ofset ne ke gaya maka inda tsakiyar ta koma kai tsaye. Zurfin baya shi kaɗai ba ya faɗin komai sai ka san faɗin rim: 4.75 a kan rim mai faɗi 8.5 sifili ne, a kan mai faɗi 10 kusan -19 ne.

Oga Bakanike:
Injiniya ya gama da lissafi, bari in ɗora inda za ta goga. Malam, abin da mutane ke ɗauka shi ne in taya ta fito waje ta tsira. Ta tsira daga ciki, wato daga hannun sama na ƙafar gaba da shasi. Amma tayar gaba juyawa take yi a kan bol-join, kuma duk yadda ka nisanta ta da wurin juyawar, da'irar da kafaɗarta ke zagayawa ƙaruwa take yi. Tana tsaye a miƙe za ka ga fili ko'ina. Ka murɗe sitiyari har ƙarshe, kafaɗar waje ta baya sai ta je ta sami madigadi da ƙarfen da bodi ke zaune a kai, ta gaba kuma ta sami gefen bamba. Yawanci a ribas ake fara jin ƙarar, gurrr, in ka leƙa ka tarar robar cikin maƙogwaron taya ta yi sheƙi a wuri ɗaya kamar an goge ta da tsumma.

Tsayin 265/65R17 kusan milimita 776 ne, na 285/70R17 kusan 831. Ƙarin 55 ke nan, kusan 27 ta kowane gefe. Ka haɗa da ofset -12, wanda ya tura tsakiyar taya waje da 42, ga ƙarin faɗin taya 10 ta gefen waje. A mota da ba a ɗaga ba, wannan haɗin ba ya zama sai an cire madigadi an yi yanka. Ko ɗagawar ma ba ta kawar da shi gaba ɗaya, domin in ƙafa ta nutse a rami taya inda take zuwa da can nan za ta sake zuwa.

Sai aikin da ba a gani da ido. An ƙera boris ɗin hob ne don nauyi ya sauka kusa da tsakiyarsa. Ka matsar da taya waje da milimita 42, ka ba nauyin doguwar sanda da zai riƙa banƙarar boris da bol-join da tayarod. Ba ranar za su mutu ba, kwanansu ne ke raguwa. Sitiyari kuma zai riƙa fizgar hannu in taya ɗaya ta faɗa rami ko ka taka birki a hanya mara daidai.

A cikin biyun, na biyu. In da zaɓi na uku, 17x8 mai +15 zuwa +20 da taya 265/70R17 ya fi kwanciyar hankali, tsayinta kusan 803 ne.

Wani ɗan'uwa:
Oga, ban ƙi taka ba, amma kada a tura shi ga +20 in dai 285 zai saka. A kan +30 gefen taya na ciki zai matso hannun sama da milimita 10, kuma filin wurin da ma ba yawa ne da shi ba. Mai son 285 dole ya rage ofset. Tsakanin sifili da +15 ake samun sulhu.

Oga Bakanike:
Haka ne, shi ya sa na haɗa +20 da 265, ban haɗa shi da 285 ba. Ya fara yanke shawarar taya, ita za ta zaɓa masa rim.

Mai Taya:
Maganar "huji shida ne" ita ta tsaya min. Hilux 6x139.7 take, wato huji shida a kan da'ira mai faɗin milimita 139.7, wasu Navara kuwa 6x114.3, duk huji shida, ba sa shiga juna. Ranger kuwa 6x139.7 ce kamar taka, amma ramin tsakiyarta 93.1 ne, naka 106.1, don haka rim ɗin Ranger na kamfani ba zai hau hob ɗinka ba. Rami ya yi ƙanƙanta, babu magana. Ya yi girma, a nemi zoben da zai cike tsakanin, in ba haka ba kana iya jin karkarwa a sitiyari ko an yi balansin.

Noti kuma kada ka ɗauka na tsohon rim zai yi. Rim ɗin alminiyom na Toyota noti mai shimfiɗaɗɗen gindi da wosha yake ɗauka, mafi yawan na kasuwa kuma mai tsinin digiri 60. In ka haɗa su ba daidai ba, noti zai ɗauru a hannu amma a ɗan siririn wuri ya kama, tafiya kaɗan ya saki. Kusoshinka M12x1.5 ne, noti ya ci aƙalla zagaye takwas. A ɗaure da sifana mai awo bisa lambar da ke littafin motar, a sake bi bayan kilomita 50 zuwa 100.

Ka duba nauyin da aka buga a bayan rim, ya kai aƙalla rabin abin da aka ƙayyade wa gatarin baya. Sannan kalifa ta birki: ofset ba ya gaya maka ko ƙafafun rim za su taɓa ta, lanƙwasar ƙafafun ce ke yanke wannan. A ɗora rim ɗaya tsirara a gaba, a juya da hannu a gani, kafin a sa masa taya. Da zarar ƙarfen mai taya ya taɓa shi ba kowa ke karɓar mayarwa ba.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri, na fahimta. Tambaya biyu suka rage. Yaya zan tabbatar da 4.75 ɗin da kaina? Kuma in na bar rim ɗina na sa sifesa fa?

Injiniya:
Kifa rim a ƙasa a kan kwali, fuskarsa ƙasa. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe ko katako a kan leɓen baya ya ratsa tsakiya, ka sauke tef daga ƙasansa zuwa fuskar da ke manne wa hob. Wannan shi ne zurfin baya. In da taya a jiki, katakon ya zama gajere yadda zai zauna a kan rim, kada ya hau roba. Auna faɗin daga leɓe zuwa leɓe, raba biyu, cire shi daga zurfin, ninka da 25.4, ofset ya fito.

Sifesa, wato faifan da ake sawa tsakanin hob da rim, ofset take ragewa daidai kaurinta: +30 da sifesa mai milimita 25 ya koma +5, kuma duk abin da Oga ya faɗa kan boris da goga yana nan. In za ka sa, ka nemi mai nata kusoshi da leɓen da ke zama a kan hob 106.1, ka tabbata kan tsoffin kusoshin bai leƙo ya tokare bayan rim ba. Siririyar da ake zurawa kawai zaren noti take cinyewa. Wasu ƙasashe kuma suna da doka kan sifesa da kan taya da ta leƙo waje da bodi, ka bincika ta inda kake.

Bayan an ɗaura, a gwada sitiyari har ƙarshe dama da hagu, gaba da ribas, sannan a hau da taya ɗaya kan tudu don ƙafar ta nutse a sake leƙawa, a nemi filin yatsa ɗaya aƙalla ta ko'ina. Da 285 ɗin, in allon gudu ya nuna 100 kana kusan 107 ne. Safaya ma ka gwada ko sabuwar tayar za ta shiga mazauninta a ƙarƙashin bodi kafin ka sayi guda biyar.