Na ce wa maƙwabciyata ba a gicciye Annabi Isa ba, ta fashe da kuka

Maman Biyu, Gadarif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara goma sha ɗaya muna maƙwabtaka da wata mata Bahabashiya, Kirista, mai sayar da gahawa a bakin kasuwa. Ranar da na haifi tagwayena ita ta kwana a kaina. Juma'ar da ta wuce na aika mata kisira da miyar kuɓewa, yarinya ta dawo da kwanon a rufe. Na shiga na same ta cikin farin mayafi, gwiwoyinta duk sun kumbura saboda sujada. Ta ce ba ta sa komai a baki ba tun jiya, wai yau ce ranar da aka gicciye Almasihu. Ni kuwa bakina ya riga tunanina, na ce mata, "Ai ba a gicciye shi ba, Allah ya ɗauke shi." Wallahi ta'aziyya nake nufi, na ɗauka albishir nake mata. Sai ta dube ni hawaye suka zubo, ta ce in da bai mutu ba, ita ba ta da komai.

Kwana huɗu ke nan abin yana cina. Me ya sa mutum zai yi baƙin ciki don an ce wanda yake ƙauna ya tsira? Kuma a wajenmu, wa aka gicciye a madadinsa?

Almajirin Mai Wurno:
Wa alaikumus salam Hajiya. Abin da Alƙur'ani ya yanke yana cikin Suratun Nisa'i, aya ta 157 da 158: ba su kashe shi ba, ba su gicciye shi ba, an dai kamanta musu, Allah ya ɗaukaka shi zuwa gare Shi. Ki lura ayar martani ce ga Yahudawan da suka yi alfaharin sun kashe shi.

Amma wanda aka gicciye, Alƙur'ani bai faɗi sunansa ba. Ibn Kasir ya kawo ruwaya daga Ibn Abbas cewa wani saurayi cikin almajiransa ne ya amince a sa masa kamannin, ya zama abokinsa a Aljanna. Wasu sun ce Yahuza ne, wanda ya bashe shi. Fakhrur Razi ma ya tsaya ya jero tambayoyi masu nauyi a kan batun musayar kamanni kafin ya amsa su. Don haka ni ba na rantsuwa a kan suna. Inda ruwayoyin suka haɗu shi ne yana raye kuma zai sauko. A Sahihu Muslim an ce kusa da farar hasumiya a gabashin Dimashƙa.

Ɗan Omdurman, yanzu a Jidda:
Yaya, ni kusa da unguwar Masalma na tashi, cikin Kibɗawa, Kiristoci kamar maƙwabciyarki, masu ɗan zanen gicciye a wuyan hannu. Bari in faɗa miki yadda suke faɗa da bakinsu. A wajensu laifin Adamu ya shafi zuriyarsa duka, ya raba ɗan Adam da Allah, kuma babu mai iya biyan wannan bashi da aikinsa. Mutuwar Yesu ita ce biyan. Linjilarsu huɗu, Matta, Markus, Luka da Yahaya, duk sun ba da labarin: gwamnan Rumawa Bilatus ya yanke hukunci, aka gicciye shi ranar Juma'a a Golgota, ranar Lahadi aka tarar da kabari babu kowa. Bulus ma, babban mai wa'azinsu na farko-farko, ya rubuta wa Kiristocin birnin Korinti cewa in Almasihu bai tashi daga matattu ba, bangaskiyarsu banza ce. To kin ga, ke kin zaci kin sauke mata kaya, ita kuwa ta ji an janye tabarmar da take zaune a kai, tana dab da kammala azumin kwana 55 da ke ƙarewa a wannan mako.

Mu kuma Adamu ya tuba an karɓa tun a Baƙara aya ta 37, kuma wani rai ba ya ɗaukar nauyin wani. Babu bashin gado, balle a nemi mai biya. Tun daga nan hanya ta rabu, kafin a iso ranar Juma'ar.

Abu Hafsa, Kassala:
Ban ga laifinki ba. Gaskiya kika faɗa, kada ki je ki janye ta don a ji daɗi.

Almajirin Mai Wurno:
Malam, babu wanda ya ce ta janye aya. Amma Ankabut 46 ta ce kada a yi jayayya da Ma'abota Littafi sai ta hanya mafi kyau, kuma matar tana cikin makokinta ne.

Maman Biyu, Gadarif:
Na gode muku. Jiya bayan la'asar na shiga wajenta. Na ce mata abin da na yi imani da shi yana nan, amma ban san nauyin ranar a zuciyarta ba, ta yafe mini. Ta soya gahawa, ta ɗora jabana, tukunyar gahawa, a kan gawayi. Ta tambaye ni ko da gaske akwai sura guda da sunan Maryamu, na ce akwai, ta 19. Ta ce in sa Hassana ta zo ta karanta mata ranar Asabar.