Neman kalma: cutar ake gada, ko haɗarinta?

'Yar Gwammaja: Assalamu alaikum. Malamai a taimaka min. Gobe 19 ga Mayu ce ranar cutar IBD ta duniya, kuma da tara na safe zan shiga shirin lafiya a rediyo. Cutar na sa mata suna "kumburin hanji mai daɗewa". Inda na tsaya shi ne fassarar genetic risk factors, wato rawar da gado ke takawa wajen kamuwa da ita. Na rubuta "ciwon gado", amma raina bai kwanta ba.

Likita, Tarauni: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, don Allah goge "ciwon gado". A garin nan da an faɗi haka sikila ce ke faɗo wa mutum a rai, balle tun da dokar gwaji kafin aure ta 2024 ta sa kowa maganar AS da SS. Sikila ƙwayar gado ɗaya ce: yaro ya karɓo S wajen uwa, ya karɓo wajen uba, shi ke nan. IBD kuwa wurare sama da 200 a cikin ƙwayoyin gado aka gano suna da hannu. Ƙwayar gadon da aka fi sani ita ce NOD2, da aka danganta da cutar Crohn, ɗaya daga cikin nau'o'in IBD, a 2001. Ita ke taimaka wa garkuwar jiki ta gane bakteriyar da ke cikin hanji. Mafi yawan masu ɗauke da sauyinta har su tsufa ba sa kamuwa. Ko tagwaye masu kama ɗaya, sau da yawa sai ka ga Hassan na fama, Husaini lafiyarsa lau. Tsorona kada a fasa auren yarinya don mahaifinta na da cutar.

Ɗan Fagge: "Gyambon hanji na jini" fa?

Likita, Tarauni: Da an ji gyambo za a tafi sayen maganin olsa.

Malam, Kabuga: Likita, da girmanki, amma "ƙwayar gado" da "bakteriya" Turanci ne aka sa wa hula. Kalma tana nan: karkatar tsatso. Tsatso shi ne asalin mutum, karkata kuwa ba faɗuwa ba ce. Kalma biyu sun ɗauke duk bayaninki. Na daɗe ina koyar da ita a aji.

Ɗan Fagge: Allah gafarta Malam, tsohuwata in ta ce tsatsonta, bayanta take nufi. Za a ɗauka ciwon baya ake magana.

Malam, Kabuga: Don wani bai san kalma ba sai mu binne ta? Haka muka bar "hawan jini" ya zauna, kuma ba wanda ya mutu. Cibiyar nazarin harsuna tana nan a Bayero, likita nawa ne ya taɓa taka ƙafa ya tambaya? Sai ku ƙaga a asibiti ku kawo mana.

Basakkwata a Hotoro: Ku Kanawa kullum kamar ku kaɗai aka bar wa Hausa. Shirin nan har Katsina da Jigawa ana ji.

Malam, Kabuga: Hajiya, daidaitacciyar Hausa a kan Kananci aka gina ta, ba ni na yanke ba.

Likita, Tarauni: Malam, ni mai zawo da jini wata shida ke zuwa min, ya gama shan maganin basir da na atini, ya rame. Kalmar da zai ji ya taho da wuri nake nema.

'Yar Gwammaja: Jama'a dare na yi. Ga abin da zan karanta: "abubuwan gado da ke ƙara haɗarin kamuwa". Sai in bi da cewa haɗarin ake gada, cutar ba lallai ba.

Likita, Tarauni: Ya yi. Ƙara da cewa taba sigari na ƙara haɗarin Crohn. Kuma kada ki ce a je gwajin NOD2: sauye-sauyen da aka sani a Turawa suka fi yawa, a Afirka ba kasafai ake samunsu ba, ba kuma da shi ake gano cutar ba.

Malam, Kabuga: Wannan jimla ce, ba kalma ba. Na bari saboda gobe kawai. Amma ki faɗi "karkatar tsatso" ko sau ɗaya, masu sauraro su yi hukunci.

'Yar Gwammaja: In lokaci ya rage, Baba. Minti goma sha biyar aka ba ni.

Ɗan Fagge: To shi "kumburin hanji" ɗin an amince da shi ke nan? Don mu kumburin ciki iska muke nufi.